Farar Ƙafa a Falon Baba

Shekara guda cur Emmett bai taka falon gidanmu ba, alhali ba sata ya yi ba, ba kuma zagin kowa ya yi ba. Cewa kawai ya yi, "Ai mun ci."

Bara ne, ranar da jami'armu take wasanta na biyu a gasar ƙwallon kwando ta watan Maris, wadda sili ɗaya ce ƙwale. Muna gaba da maki biyu, agogo saura ƙiris ya ƙare, kowa a falon ya riƙe numfashi. Sai bawan Allahn nan ya miƙe daga kujera, ya yi miƙa, ya faɗi abin da ya faɗa. Bai rufe baki ba wani siririn yaro na ɗaya ɓangaren ya wurgo ƙwallo tun daga tsakiyar fili. Tana sama ƙararrawar tashi ta kaɗa, ta zo ta faɗa raga ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Maki uku, aka yi waje da mu.

A garinmu ko ɗan yaye ya san ba a cewa an ci sai ƙararrawa ta kaɗa. Amma Emmett mutumin jihar Maine ne, aikin wayoyin lantarki ya kawo shi nan kudancin jihar Indiana, kuma a wajensu kwando wasa ne kawai kamar kowane wasa.

Da wasan kaɗai muka rasa da sauƙi. Baba da Kawu Virgil, yayan Mama, sun daɗe suna caca a tsakaninsu duk watan Maris, ba ta kuɗi ba, ta kaya. Injin yankan ciyawa, bindigar farauta, murhun gasa nama, babu wanda bai yi yawo tsakanin gidajen biyu ba. To a ranar Kawu ya ce jifan ƙarshe ne zai fitar da mu, Baba ya ce ƙarya ne, ya sa kwale-kwalen kamun kifinsa da ya haɗa da hannunsa.

Baba bai yi faɗa ba. Ya kashe talabijin, ya nuna wa Emmett ƙofa da yatsa. Tun daga ranar sunan yaron ya ɓace a bakinsa, sai dai ya ce "mai farar ƙafar nan."

Da ba ƙanwata abin ya shafa ba, da dariya zan yi ta yi har cikina ya ƙulle. Amma Marnie ce, autar gidanmu, wadda tun tana ƙarama take bin Baba bakin tafki tana riƙe masa gwangwanin tana. Tana son Emmett kamar ranta, shi ma ya sayi zobe tun kafin abin ya faru, yana jiran ranar da zai nemi albarkar Baba. Ita kuma ta kafe kai da fata ba za ta sa zoben kowa ba sai Baba ya amince, ba za ta shiga coci da farar riga ba sai Baba ne ya riƙo hannunta ya kai ta gaban fasto.

Duk Lahadi Emmett sai ya zo bayan an taso daga coci. Ya hau matakalar baranda ya ƙwanƙwasa, Baba ya ƙara ƙarar talabijin. Ya zauna a bakin matakalar har abinci ya huce a ciki, sannan ya tashi ya tafi.

Ana cikin haka Brody ya kunno kai, ɗan mai sayar da motoci na bakin babban titi. Kyakkyawa ne, ba zan yi masa ƙarya ba, ga ƙamshin turare tun daga ƙofa, kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, kullum da kwalin soyayyun fukafukan kaza. Abin da ya fi burge Baba shi ne yaron ba ya cewa uffan in ana wasa. Tun da ya fara zama a falonmu bana jami'armu ba ta faɗi ba, sai Baba ya ba shi kujerar da ke hannun damansa, ya kuma fara yi wa Marnie zancensa a kan teburin abinci. Ni kuwa na san Brody tun yana firamare. Shirunsa ba ladabi ba ne, wayarsa yake dannawa a ƙarƙashin matashin kujera.

Ranar Lahadin da zan ba ku labari, wasan bana ya sake kawo mu mataki na biyu. Muna fitowa daga coci Baba ya tare Kawu a wajen ajiye motoci, ya ce yana son kwale-kwalensa kafin lokacin kamun kifi ya kama. Kawu ya sosa gemu yana murmushin mugunta, ya ce hanyar da kwale-kwale ya bi ya zo gidansa ta nan zai koma. In jami'armu ta ci yau da jifan ƙarshe, ƙwallo tana sama ƙararrawa ta kaɗa, Baba ya zo ya ja abinsa. In ta faɗi, ko ta ci ta wata hanyar daban, to sai Baba ya ajiye makullin a-kori-kurarsa.

Ko ni da ba na caca na san wannan ramin mugunta ne. Baba ma ya yi jim. Sai Brody ya matso ya nuna masa wani abu a waya, yana cewa ƙarfin ƙungiyoyin biyu ɗaya ne, irin wannan wasa da wuya bai kai ga jifan ƙarshe ba. Baba ya miƙa hannu, suka tafa a gaban mazan coci. Motar da take kai shi masana'antar kujeru kullum ke nan, ba shi da wata. Kuma a wajen Baba abin da aka ba da hannu a kai ba ya tashi ko sama da ƙasa za su haɗu.

Muna isa gida Mama ta wuce kicin cikin fushi. Sai tukwane ne suka ji a jikinsu.

Na tarar da Marnie a kicin tana dama dafaffen dankali, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Na karɓe cokalin na ja ta muka zauna a bayan ƙofa.

"Yaya Corinne, Emmett ya ce yau ce ta ƙarshe," in ji ta. "Ya ce ba fushi ya yi ba, amma ba zai iya ci gaba da zama a matakala kamar karen da aka kora ba. In Baba bai buɗe yau ba, zai nemi a mayar da shi garinsu."

Na ce ta bi shi mana su je kotu a ɗaura, shaidu biyu ne kawai, ni ce ta farko. Na ce Baba zai yi fushinsa ya gama, da jika ya zo zai sauko.

Ta girgiza kai, kukan ya ƙaru. "Ke Baba ya riƙe hannunki ya kai ki. Na gan shi ranar, yana tafiya yana goge ido da hannun riga wai kada a gani. Tun ranar nake jiran tawa. In na tafi ba da saninsa ba, duk lokacin da na kalli Emmett sai na tuna abin da na rasa saboda shi, kuma bai cancanci haka ba. In na bar shi ya tafi, ban san yadda zan sake kallon Baba ba. Ki faɗa mini, Yaya, wanne zan ɗauka? Ni dai a kan ƙwallo ake neman raba ni da ɗayansu, ƙwallon da ko ganin filin da ake buga ta ban taɓa yi ba."

Na rungume ta, raina yana tafasa da mazan gidanmu gaba ɗaya. Ta taga ina hango Emmett ya riga ya zauna a matakalarsa, sanye da rigar cocinsa, hula a gwiwa.

Aka fara wasa, kowa ya kama wurinsa. Baba a kujerarsa cikin koriyar rigar da ba a wanke ba tun farkon gasar, Brody a damansa, Kawu a doguwar kujera ya miƙe ƙafa kamar gidansa. Mama a bakin ƙofar kicin da tawul a kafaɗa, don a nan take tsaye shekarar da muka kai wasan kusa da na ƙarshe, tun daga nan ba a sake barinta ta zauna ba. Ni a ƙasa, jingine da teburin fitila. Ina zagin al'adar a zuciya, amma ko ƙafata ta yi sanyi ba na gyara zama. Marnie ce kaɗai ba ta da wuri, tana zaune a matakalar bene ta juya wa talabijin baya.

Ban taɓa ganin Baba a irin halin ranar ba. Yaranmu suka fara da zafi suka ba da tazara mai yawa, maimakon ya yi murna sai gumi ya keto masa, yana ta gunaguni wai su bi a hankali, saurin me suke yi. Kawu yana ta tsokanarsa, yana tambaya ko tankin motar a cike yake. Da aka dawo hutun rabin lokaci abokan karawa suka farfaɗo, suka cinye tazarar, sai kuma Baba ya koma roƙon Allah kada su wuce mu. Mutum yana son ƙungiyarsa ta ci amma kada ta ci sosai, wannan azaba ce da shi ya saya wa kansa.

Sai ga shi abin ya zo daidai inda cacar take. Abokan karawa suna gaba da maki ɗaya, ƙwallo a hannunmu, saura daƙiƙa biyu. Alƙalan wasa suka tsayar da komai suka tafi duba agogo a na'ura, aka sako tallar inshora.

Baba ya kafa wa talabijin ido, laɓɓansa na motsi. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaron nan yana waje?"

Na yunƙura zan tashi, ya ce in zauna kada in kuskura in motsa. Marnie ce ta tafi da gudu, ta dawo riƙe da hannun rigar Emmett. Ya tsaya a bakin ƙofar falo, bai tsallako ba.

"Ka ce mun faɗi," in ji Baba.

"Ban gane ba, Baba."

"Bakinka. Duk abin da ka faɗa kishiyarsa ke faruwa. Ka ce mun faɗi, an gama da mu, yaran nan ba za su iya ba. Yi sauri kafin su dawo."

Kawu ya tuntsire da dariya har da buga cinya. "Dewey, wannan ai maguɗi ne. Ba mu yi da kai za ka kawo boka ba."

"Rufe mini baki, Virgil." Baba ya nuna Emmett da yatsan da ya taɓa nuna masa ƙofa da shi. "In ka faɗa ƙwallo ta shiga, ka zo ka zauna mu yi maganar da kake ta zarya a kai."

Fuskar Marnie ta washe, ta matse masa hannu tana raɗa masa ya faɗa kawai. Ni ma a raina cewa nake, faɗi mana, ɗan nan, me zai rage ka da shi? Ƙofar da ka shekara kana ƙwanƙwasawa ce ta buɗe.

Emmett ya juya hularsa a hannu.

"Ka yi haƙuri, Baba, ba zan faɗa ba."

Sai a lokacin Baba ya ɗauke ido daga talabijin.

"In na faɗa ta shiga, ba ni ka ba Marnie ba, bakina ka ba," in ji Emmett. "Baɗi in ta ƙi shiga fa? Sai Marnie ta kwaso kayanta ta dawo gida? Yaron da zai jefa ƙwallon nan bai kai shekara ashirin ba. Bai san ni ba, bai san Marnie ba, bai ma san da wannan gari a duniya ba. Ba zan ɗora masa aurena ba. Kai ka san ni. Na yi kuskure bara, ban san al'adarku ba, na kuma ba da haƙuri har na gaji da jin muryata. In kana ganin zan riƙe maka 'yarka da amana, ka ba ni hannu yanzu, kafin a jefa. In kana ganin ba zan iya ba, shi ma ka faɗa yanzu, in tafi ban riƙe kowa a zuciya ba."

Brody ya gyara murya ya ce wannan rashin kunya ce, mutum a gidansa ana gindaya masa sharaɗi.

Marnie ta saki hannun rigar, ta tako har tsakiyar falo ta tsaya tsakanin Baba da talabijin, abin da ba wanda ya taɓa yi a gidan nan. Hawaye ya wanke mata fuska.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba, yau ma ba musu na zo yi ba. Ka ce a'a in ka ga dama, zan zauna. Amma ka kalle ni ka faɗa. Shekara guda ke nan kana amsa mini kana kallon wancan akwatin."

Daga bakin ƙofar kicin Mama ta yi magana, a hankali, kamar da tawul ɗinta take yi. "Dewey, ranar da ka zo wajen mahaifinmu ko keke ba ka da shi. Bai ce ka jira a ga yadda masarar bana za ta yi ba."

A bayan Marnie talla ta ƙare. Ina jin ihun 'yan kallo, ina hango gefen alƙalin wasa yana miƙa wa yaronmu ƙwallo a bakin layi. Baba bai leƙa ba. Yana kallon autarsa, ina ganin yadda idonsa yake bin ramar da ta yi, ƙashin wuyanta da ya fito, rigar cocin da ta yi mata yawa. Ina jin ranar ce ya fara ganin abin da mu muka daɗe muna gani. Tausayinsa ya kama ni duk da haushinsa da nake ji.

Ya dafa hannun kujera ya miƙe.

"Ka tashi daga kujera fa, Dewey," in ji Kawu, dariyar ta ɗauke.

Baba ya wuce shi, ya je har bakin ƙofa, ya miƙa wa Emmett hannu. "Na ba ka," ya ce. "Ka riƙe ta da kyau."

Hannuwansu na haɗe aka jefo ƙwallon. Marnie ta kauce, duk muka gani. Yaronmu ya cafe ta a kusurwa, ya juya, ya yi tsalle ya sake ta. Ƙararrawa ta kaɗa tana sama. Ta sauka a bakin ƙarfen, ta zagaya shi, ta leƙa ciki kamar za ta faɗa, sannan ta gangaro waje.

Babu wanda ya motsa. A talabijin yaran wancan ɓangaren suna ta hawa kan juna, namu ya durƙusa ya rufe fuska da riga. Na san abin da kowa yake tunani. Emmett ya shigo, an sake yin waje da mu, mota ta bi kwale-kwale. Marnie ta toshe baki da hannu biyu tana kallon Baba. Emmett kansa ya sunkuyar da kai, yana jiran a sake nuna masa hanya.

Baba ya daɗe yana kallon talabijin ɗin. Sannan ya saki hannun Emmett, ya laluba aljihu ya ciro makullin mota ya ajiye a kan cinyar Kawu. Kawu ya fara cewa ai ba sauri ake ba, ya riƙe zuwa ƙarshen wata, Baba ya ce abin da aka tafa an tafa.

Nan Brody ya ga ƙofa ta buɗe masa. Ya miƙe da fara'arsa, ya ce kada Baba ya damu ko kaɗan, gobe da safe ya zo wajensu ya zaɓi duk motar da ta yi masa, maganar biya sai a yi ta a cikin gida. Yana faɗin "cikin gida" yana satar kallon Marnie. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya nuna wa Baba waya a bakin coci.

Ina jin Baba ma ya gane, don kallon da ya yi masa ya ɗan daɗe. Ya ce ya gode, ya gaishe da mahaifinsa, kuma kada ya manta da kwalin kazarsa.

Sannan ya juya wajen Emmett, fuska a murtuke kamar kullum.

"Kai, ƙarfe nawa kake fita aiki?"

"Biyar da rabi, Baba."

"To gobe ka biyo ta nan ka sauke ni a masana'anta. Ba za a ce ina da suruki a garin nan ba, kuma a gan ni ina takawa a ƙasa."

Marnie ta sulale ta zauna a tsakiyar falo tana kuka tana dariya, Baba ya sunkuya da ƙyar, da ciwon bayansa da komai, ya kama hannunta ya ɗaga ta.